Fankar lagireto tana yi tana ɗaukewa, an ce in mayar da ita diret

Mai Jar Mota:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana wutar mota da ke gidan nan. Motata ƙirar 2008 ce, silinda huɗu, fanka ɗaya a bayan lagireto mai gudu biyu. Sati uku ke nan tana ba ni wahala. In ina gudu a babban titi allurar zafi tana nan a tsakiya, ko motsi ba ta yi. Da na shiga cunkoso, ko na tsaya kamar minti goma inji yana silo, sai ta fara hawa. AC ma in na tsaya sai ya daina sanyi, in na ja mota ya dawo. Na sha buɗe bonet, wani lokaci in tarar da fanka tana juyawa da ƙyar, wani lokaci ta tsaya cak.

An canza rile (makunnin lantarki da ke sakar wa fanka wuta), an canza sensar zafi, an duba fiyus an ce lafiyarsa lau. Mai rewaya ya kunna AC, ya zare soket ɗin fanka ya sa mita, ta nuna 12 da ɗoriya. Ya jawo wayoyi biyu daga batir ya ba fankar, ta tashi da ƙarfinta. Daga nan ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ko in sayi wata ko ya mayar mini da fanka diret, ta riƙa juyawa ba tsayawa da zarar an murɗa ki. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Me kuke gani?

Ɗan Tasi:
Wa'alaikumus salam. Malam ka yi diret ka huta. Shekara shida ina jan mota da fanka diret, da na murɗa ki take tashi, sai na kashe take tsayawa, ban taɓa ƙona gasket ba. Sensa tana iya mutuwa ba ka sani ba, rile haka, kafin ka ankara inji ya tafasa. Diret ba ya yaudara.

Yaron Gareji:
Oga kafin komai, akwai ruwa a lagireto? In ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale a wajen sensa, ba za ta ji ainihin zafin ba, fanka ba za ta tashi a kan lokaci ba. Amma don Allah sai inji ya huce sarai za ka buɗe murfin.

Mai Jar Mota:
Ruwa a cike yake ƙanena, kullum da safe nake dubawa, ba ya raguwa.

Baba Rewaya:
Malam Mai Jar Mota, kar ka sayi ƙwaƙwalwa. Bayanin da ka kawo da kanka ya wanke ta. Ka ce da aka kunna AC wuta ta zo soket. To wa ya ba da umarnin? Ƙwaƙwalwar ce ta ja rile, rile ya saki wuta. Da ta mutu ta wannan ɓangaren da mita ba ta ga komai ba.

Ga abin da ka riga ka sani ba tare da ka lura ba. Zafi a tsaye, lafiya a guje, wannan iska ce ba ta ratsa lagireto, ke nan laifin yana wajen fanka. Motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke cikinta, tana juyawa in an ba ta wuta mai kyau. Umarni yana zuwa. Saura abu ɗaya, hanyar da babbar wuta take bi ta shiga fanka ta kuma fita ta koma batir. A nan ɓarawonka yake.

Tambayata: lokacin da ya ga 12 ɗin, soket a zare yake ko a haɗe da fanka?

Mai Jar Mota:
A zare yake Baba. Ya cusa tsinken mita biyu a ramukan soket ɗin.

Baba Rewaya:
To nan aka yi kuskuren, kuma kuskure ne da nake gani kusan kullum. Mita ba ta jan wuta. Abin da take sha bai kai ɗigo ba, don juriyar cikinta wajen om miliyan 10 ce. Ko da silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, ko kusoshi ya yi tsatsa ya kusa rabuwa da bodi, mita za ta nuna maka 12 cif. Ita kuwa fanka amfiya 10 zuwa 20 take ja tana gudu, lokacin tashi ma ta fi haka. Kamar tiyo ne da aka taka da ƙafa: in bakinsa a toshe yake za ka ji ƙarfin ruwa, da ka buɗe sai ka ga yana ɗiga.

Gwajin da za a yi, soket a haɗe, fanka tana ƙoƙarin tashi. A kunna inji, a kunna AC. A soka tsinken mita ta bayan soket ba tare da an zare shi ba.

Na farko: jan tsinke a kan fozitib na batir, baƙin tsinke a kan wayar wuta ta fanka. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓata a hanya. Bai kamata ya wuce rabin bolt ba.

Na biyu: jan tsinke a kan wayar negetib ta fanka, baƙi a kan negetib na batir, a kan dalmar kanta ba a kan ƙarfen da aka ɗaure mata ba. Nan ana so a ga 0.1 ko 0.2. In ka ga bolt 2 ko 5 ko 9, ka kama shi.

In babu mita, a nemo ƙwan babbar fitila mai wat 55 a haɗa a ramukan soket ɗin biyu. Yana jan amfiya 4 da wani abu. In hanyar ta lalace za ka ga ya yi ja-ja maimakon fari tas. Ƙaramar fitilar gwaji ba ta isa ba, ita ma ruɗin mita take yi.

Kuma a kula da hannu da hannun riga. Fankar nan tana iya tashi ba sallama.

Injiniya:
Ina goyon bayan Baba, bari in ƙara lissafi don masu son lissafi. A ce mahaɗar ta yi tsatsa har ta samu juriyar om 0.1 kacal. Fanka mai jan amfiya 15 za ta yi asarar bolt 1.5 a wurin, kuma zafin da zai taru a ɗan wurin nan ya haura wat 22. Shi ya sa ake ganin roba ta narke a soket alhali fiyus bai ƙone ba. Fiyus yana kare waya daga wutar da ta yi yawa ne, ba ya ganin mahaɗar da ta saki. In juriyar ta kai om 1, yawancin wutar a wurin za ta tsaya, fanka ta samu ragowa. Wannan shi ne juyawa da ƙyar da ka gani.

Ɗan Tasi:
Duk na ji, amma wannan dogon bincike na mai lokaci ne. Mu da mota ce abincinmu, yini ɗaya a gareji asara ce. Kuma ku faɗi gaskiya, wace illa diret ya taɓa yi wa inji? Sanyi dai ba ya ƙona gasket.

Injiniya:
Tambayarka tana kan hanya ɗan'uwa, zan ba ka amsa tsakani da Allah. In tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, yana nan, fanka diret ba ta cika sanyaya inji fiye da ƙima ba, don tamostat zai rufe ya riƙe zafin. Illar tana kan fankar da wutar mota. An ƙera ta ne ta yi ta huta, a babban titi ma kusan ba ta aiki don iskar gudu ta wadatar. In ka sa ta aiki ba tsayawa gawayinta da bushinta za su cinye da wuri, alfaneta yana ɗauke da kaya kullum, batir kuma yana raba wuta tsakanin kik da fanka lokacin tayarwa. Mafi muni, masu yin diret da yawa daga wayar ki suke ɗauka ba rile ba fiyus. Amfiya 15 ta cikin makunnin da ba a yi shi don haka ba, wata rana za ka ji warin roba a ƙarƙashin sitiyari.

Matsalar ita ce da wuya a yi diret a bar tamostat, yawanci tare ake cire su. A nan ne inji yake cutuwa. An tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu ana ɗumama shi, sai ta ci gaba da ƙara mai. Mai ya tafi, fulogi ya yi baƙi, man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Motoci da yawa ma za su kunna fitilar inji da lambar matsala P0128.

Ɗan Tasi:
Tawa tamostat ɗin yana nan, kuma da rile aka yi mini. Ban yarda a cire ba.

Baba Rewaya:
To kai an yi maka mai dama-dama. Ni ma ba na cewa haramun ne. In mutum yana tsakiyar tafiya fanka ta mutu, na sha zare rile in haɗa ramukan ƙafafunsa masu lamba 30 da 87 da guntuwar waya mai fiyus don ya isa gida, in gaya masa ya cire in ya tsaya kar batir ya mutu. Wannan agajin gaggawa ne. Amma ka lura da motar da muke magana a kanta. In abin da nake zargi ne, wato wayar negetib da ake ɗaurewa a bodi, ko an yi diret ba za ta gyaru ba, don diret wayar wuta ake canzawa, a bar ta bodi yadda take. Sai ya fita da tabbacin fanka tana aiki, ya daina kallon allura. Wannan ya fi hatsari.

Maman Biyu:
Ku gafarce ni in shigo da tawa tunda masana suna kusa. Ni akasin haka nake fama da shi. In na kashe mota fanka sai ta ci gaba da juyawa. Jiya da safe batir ya mutu.

Yaron Gareji:
Hajiya minti nawa take yi? Wasu motocin haka aka yi su, in inji ya yi zafi fanka tana ci gaba na 'yan mintuna bayan an kashe, sai ta tsaya da kanta.

Maman Biyu:
Ba ta tsayawa sam, sai an cire kan batir. Ko da safe inji da sanyi, ana mayar da kan batir take tashi.

Baba Rewaya:
Hajiya wannan kusan kullum rile ne ya manne. Ƙarafan cikinsa biyu da suke haɗuwa su rabu, tartsatsi ya narkar da su sun like. A buɗe akwatin fiyus na cikin bonet, akwai zane a bayan murfin da ke nuna na fanka. A zare shi. In fanka ta tsaya, a sa mita tsakanin ƙafa 30 da 87 yana hannu. A rile na yau da kullum mai ƙafa huɗu bai kamata su haɗu ba sai an ba 85 da 86 wuta. In sun haɗu, ya mutu. In kuma an zare shi fanka ba ta tsaya ba, to wani ya taɓa yi mata haɗi ta bayan fage, ko wayoyi biyu sun goge sun haɗu. In an sa sabo a auna abin da fankar take ja, don fankar da ta yi nauyi ita take cinye rile.

Maman Biyu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe za a duba.

Sabon Shiga:
Ni ina koyon aikin ne. Ogana ya koya mini cewa in ana son a gwada fanka sai a zare soket ɗin sensar zafi, za ta tashi. Na gwada a wata tsohuwar Honda ba ta tashi ba, na ce fanka ta mutu, ashe lafiyarta ƙalau. Ina na kuskure?

Injiniya:
Ka haɗa abubuwa biyu ne masu kama da juna, sensa da makunnin zafi. Sensa tana gaya wa ƙwaƙwalwa yawan zafi. Juriyarta tana raguwa in ruwa ya yi zafi: irin wadda ta fi yawa tana nuna wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. In ka zare ta, ƙwaƙwalwa tana ganin layi ya yanke, ta ajiye lamba irin P0118, kuma a motoci da yawa ta kunna fanka don kare inji. Wannan ne ogan naka yake nufi.

Makunnin zafi kuwa ba ya aunawa, kunnawa da kashewa kawai yake yi. A tsofaffin Honda a buɗe yake, sai ruwa ya kai wajen digiri 93 yake rufewa ya ja rile. In ka zare shi ba abin da zai faru, sai ka haɗa ramukan soket ɗin biyu fanka take tashi. Tsofaffin Toyota da yawa akasin haka ne, makunnin a rufe yake da sanyi, zafi ne yake buɗe shi, don haka da ka zare soket fanka take tashi. Tsofaffin Golf kuma makunnin a jikin lagireto yake, mai ƙafa uku, ɗaya na ƙaramin gudu ɗaya na babba. Sai ka san wacce ke gabanka kafin ka yanke hukunci.

Baba Rewaya:
Ƙara masa da wannan Injiniya, don yaran yanzu sababbin motoci za su fi gani. Akwai fankar da ba ta da rile sam, wani ɗan akwatin lantarki ne a jikinta, irin na Mercedes da BMW da sababbin motoci da dama. Za ka ga manyan wayoyi biyu da siririya ɗaya ko biyu. Manyan ɗaya negetib ce, ɗaya kullum da wuta, siririyar ce take kawo saƙo daga ƙwaƙwalwa na yawan gudun da ake so. Ɗana, kar ka kuskura ka ba siririyar nan wutar batir don gwaji. Irin wannan da na'urar bincike ake umartarta ta tashi.

Sabon Shiga:
Na fahimta Baba. Na rubuta a littafina.

Mai Jar Mota:
'Yan'uwa na dawo. Na koma wajen mai rewaya na karanta masa bayanin Baba. Da farko bai so ba, daga baya ya yarda muka gwada tare. Ɓangaren wuta mita ta nuna 0.4. Da muka koma ɓangaren negetib, fanka tana wannan juyin na wahala, sai ga 7.8. Ya bi baƙar wayar ta cikin damin wayoyi har inda aka ɗaure ta da kusoshi a bodi, a ƙarƙashin babbar fitila. Wurin ya yi kore da tsatsa, kusoshin kuma da yatsa ake juya shi. Yana taɓa wayar fanka ta zabura da ƙarfi, ya saki ta koma.

Ya kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, ya yanke bakin wayar ya sa sabon kai, ya ɗaure tam, ya shafa giris. Muka sake aunawa, 0.1. Mun bar ta tana silo fiye da rabin awa, fanka ta tashi ta tsaya da kanta sau huɗu, allura ba ta wuce tsakiya ba. AC yana sanyi a tsaye. Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Baba Rewaya:
Amin, alhamdu lillahi. Ka gaishe da mai rewayar, wanda ya yarda ya sake gwaji a gaban mai mota yana da niyyar koyo. Amma aiki bai ƙare ba, saura abu uku.

Ku zare soket ɗin fanka ku leƙa ciki da tocila. In ƙarfen ya yi baƙi ko robar ta canza launi, a canza shi yanzu.

Ka ce gudu biyu gare ta, to ka tabbatar duka biyun suna yi. Yawancin masu fanka ɗaya da resista suke samar da ƙaramin gudu, wani ɗan abu ne mai rage wuta da ake ɗaurewa a jikin gidan fanka don iska ta riƙa sanyaya shi. In ya ƙone ƙaramin gudu ya tafi, fanka ba za ta tashi ba sai zafi ya kai matakin babba, mai mota ya riƙa ganin allura tana hawa tana sauka bai san dalili ba. Ka saurara da kunnenka, ya kamata ka ji bambancin ƙarar biyu.

Na uku, motar ta yi zafi sau da yawa cikin sati ukun nan. Ka sa ido a kan ruwa na wani lokaci. In yana raguwa ba yoyo, ko kumfa tana tasowa a tankin ruwa, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, a duba gasket da wuri.

Ɗan Tasi:
Barka Malam. Na yarda a taka diret ba zai yi magani ba. Amma ni tawa ina nan da ita yadda take, ban ga abin da zai sa in taɓa abin da yake aiki ba.

Injiniya:
Motarka ce ɗan'uwa. Abu ɗaya nake roƙonka, ka duba fiyus ɗin da aka sa a layin, lambarsa ta yi daidai da wadda aka rubuta wa fanka a murfin akwati, kuma yana kusa da batir. In ya taɓa ƙonewa kar a sa wanda ya fi shi, kar kuma a naɗa waya a madadinsa. Fiyus ɗin fanka in yana yawan ƙonewa, motar fankar ce ta yi nauyi ko waya tana taɓa bodi.

Ɗan Tasi:
Wannan kam zan duba yau.

Yaron Gareji:
Oga Mai Jar Mota, tunda an haɗa fankar da batir an kuma taɓa wayoyi, ka sa takarda a gaban lagireto fanka tana gudu. Ta manne a jiki, alamar tana jan iska zuwa wajen inji. Mun taɓa samun wadda aka juya mata wayoyi wajen canza soket, fanka tana ƙara kamar lafiya amma gaba take hura iska, a guje sai ta riƙa karo da iskar hanya.

Mai Jar Mota:
Na gwada yanzu, takarda ta manne. Soket ɗin dai ƙafa ɗaya ta ɗan yi duhu, gobe da safe za a canza shi. Ƙaramin gudu yana yi, babban ne ban ji ba tukuna.

Baba Rewaya:
Ba lallai ka ji shi a silo ba in ƙaramin yana wadatarwa. Gobe in kun je canza soket, ya nemo rile na babban gudu a zanen murfin, ya zare shi ya haɗa 30 da 87 da waya mai fiyus na ɗan lokaci. In ta tashi da cikakken ƙarfi layin lafiya yake. Ku sake auna negetib ɗin a wannan gudun, don a nan take jan wuta mafi yawa. Ka kawo mana lambar da ta nuna.

Maman Biyu:
Baba, tawa ma rile ne. An zare shi fanka ta tsaya nan take, an sa sabo. Sun ce ba su da mitar auna amfiya mai kama waya, sai jibi za a aro a auna fankar.